Yadda ake haɗa wayoyin tirelar jirgin ruwa ba tare da ruwa ya shiga ba

Tirelar jirgin ruwa wata ƙaramar amalanke ce ta ƙarfe, mai ƙafa biyu ko huɗu, da ake ɗaura wa mota a baya domin ɗaukar kwalekwale mai inji daga ma'ajiyarsa zuwa bakin ruwa. Sunanta ɗaya da babbar tirelar da ke dakon siminti da hatsi a manyan hanyoyinmu, amma akwai abin da ya raba su: ita wannan da gangan ake tura ta cikin ruwa. Duk lokacin da za a sauke jirgi ko a ɗauko shi, direba kan yi baya da ita a kan gangare har ƙafafunta da fitilunta su nutse.

Shi ya sa wayarinta ya fi na kowane abin hawa saurin lalacewa. Kuma idan ya lalace, fitilar birki da sigina ne ke mutuwa, wato abubuwan da direban baya yake dogaro da su. Tirelar da ba ta da wuta cikin dare tarko ce a kan hanya.

An fi amfani da irin wannan tirela a Amurka da Turai da Ostareliya, inda mutane da yawa ke da ƙananan jiragen kansu, kuma a can aka tsara yawancin ƙa'idojin aikin. A Najeriya ana ganinta wajen masu jiragen shaƙatawa a Legas, da kuma hukumomin ceto da na tsaro da ke kai jirage kogin Neja da Binuwai ko wuraren da ambaliya ta ci.

Yadda ruwa ke kashe waya

Robar da ke lulluɓe da waya ba ta barin ruwa ya ratsa. Rauni yana wurin da aka yanke ta, ko aka feƙe, ko aka huda. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wayarin tirela kowane haɗi tsaga ne.

Wayar mota tarin siraran zaruruwan jan ƙarfe ce da aka murɗe wuri ɗaya. Idan ruwa ya taɓa bakinta, yakan bi tsakanin zaruruwan ya haura, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ta haka ɗigon da ya shiga ta wajen fitila zai iya tafiya mai nisa a cikin roba ba wanda ya gani. Jan ƙarfen sai ya yi baƙi, daga baya ya yi kore, ya fara marmashewa.

Abubuwa huɗu ke ƙara wa wannan ɓarna sauri. Na farko gishiri: kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan kogi nesa ba kusa ba. Na biyu wutar kanta, domin haɗin da ya jiƙe kuma wuta na bi ta cikinsa ya fi saurin cinyewa. Na uku haɗuwar ƙarfe iri biyu a cikin danshi, kamar jan ƙarfe a jikin baƙin ƙarfe ko alminiyum, inda ɗaya ke cin ɗaya. Na huɗu zafi da sanyi: gidan fitilar da ya ɗumama a kan hanya, idan ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta duk kafar da ta samu.

Wutar mota bolt 12 ce kacal, ba ta da rarar da za ta yi asara. Haɗi ɗaya da ya ci tsatsa yana iya cinye bolt ɗaya ko biyu, fitila ta dusashe, haɗin kuma ya riƙa ɗaukar zafi.

Daga nan ƙa'idar aikin ta fito. Haɗi nagari ayyuka biyu ne dabam-dabam: riƙewa, yadda girgizar hanya ba za ta raba wayoyin ba, da toshewa, yadda ruwa ba zai kai ga jan ƙarfe ba. Abin da ya riƙe ba shi ke toshewa ba, abin da ya toshe kuma ba shi ke riƙewa ba. Kusan duk haɗin da ya mutu, ɗaya daga cikin biyun aka yi aka bar ɗaya.

Launukan wayoyi

Kafin a yanke komai, a san tsarin da tirelar ke bi, domin motocin da ke shigowa Najeriya daga Amurka da na Turai ba tsari ɗaya suke da shi ba.

A tsarin Amurka, fulogi mai baki huɗu a jere shi ya fi yawa. Farar waya ita ce ta komawar wuta, wadda masu gyara ke kira at. Mai ruwan ƙasa ta fitilun baya ce da na gefe. Mai ruwan ɗorawa tana ɗaukar siginar hagu da birki, koriya kuma siginar dama da birki. Idan baki biyar ne, shuɗiya ce ta biyar, kuma a tirelar jirgi aikinta shi ne ta saki birkin tirelar idan mota ta shiga ribas.

A tsarin Turai mai baki bakwai, wanda ƙa'idar ISO 1724 ta tanada, birki yana da wayarsa ja shi kaɗai. Mai ruwan ɗorawa siginar hagu ce, koriya siginar dama, fara at, baƙa fitilar baya ta hagu, mai ruwan ƙasa ta dama, shuɗiya kuma fitilar hazo. Sababbin motocin Turai sukan zo da soket mai baki 13.

Motar da birkinta da siginarta ke da wayoyi dabam, idan za ta ja tirela mai tsarin Amurka, sai an sa mata ƙaramar na'urar da ke haɗe saƙonnin biyu su bi waya ɗaya. Kuma duk da sanin launuka, a gwada kowace waya da mita kafin a haɗa, domin wanda ya taɓa yin gyara a baya ƙila bai bi launi ba.

Zaɓen waya

Idan an tashi sake wayarin, a sake shi gaba ɗaya. Tsohuwar wayar da ta yi baƙi a ciki ba ta karɓar sabon haɗi. Wanda ke son gyara wuri ɗaya kawai, sai ya yi ta yanke wayar baya-baya har ya iske jan ƙarfe mai sheƙi. Idan bai iske ba, wayar ta gama aiki.

Waya mai zaruruwa ake so. Mai sanda ɗaya irin ta wayarin gida girgiza tana karya ta. Mafi inganci ita ce wadda aka shafe kowane zarenta da kuza, domin kuza na kare jan ƙarfe daga tsatsa. A nan mai saye ya buɗe ido, saboda akwai wata waya mai araha a kasuwa wadda alminiyum ce aka yi wa fatar jan ƙarfe. Ana bambance su da kankarewa da wuƙa: mai kuza fara ce a waje, ja a ciki, ta alminiyum ja ce a waje, fara a ciki, kuma ba ta da nauyi a hannu. Ita ta biyun ba ta jure danshi, ba ta kuma ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Batun kauri kuwa, a ma'aunin Amurka na AWG, yawan lamba na nufin siranta. Lamba 16 ta kai murabba'in milimita 1.3, lamba 14 kuma 2.1. Ƙwan birki mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, na fitilar baya mai wat 5 bai kai rabin amfiya ba, saboda haka lamba 16 ta isa ƙaramar tirela. Doguwa mai fitilu da yawa ta fi son lamba 14, musamman a farar waya da duk wutar ke komowa ta cikinta.

Kayan haɗi

Abin da masu aikin jiragen ruwa suka fi yarda da shi shi ne mahaɗi mai rigar roba: ɗan bututun ƙarfe ne da ake zura waya ta kowane baki a matse, a wajensa kuma akwai robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, cikinta shafe da gam. Kamfanin Raychem da aka kafa a Kalifoniya a 1957 shi ya fara fito da irin wannan roba mai tsukewa. Launin mahaɗi yana nuna kaurin wayar da yake karɓa: ja na lamba 22 zuwa 18, shuɗi na 16 zuwa 14, ruwan ɗorawa na 12 zuwa 10.

Robar tsukewa iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai mara gam, wadda ke hana wayoyi taɓa juna amma ba ta hana ruwa bi ta ƙarƙashinta. Akwai mai gam a ciki, ita ce mai toshewa. Wadda aka rubuta wa 3:1 tana tsukewa zuwa kashi ɗaya cikin uku na faɗinta, don haka ta fi mai 2:1 kama siririyar waya bayan ta haye kan mahaɗi mai kauri.

Sauran kayan su ne filayar feƙe waya, da filayar matse mahaɗi irin wadda ba ta saki sai matsi ya cika, da na'urar hura zafi, da giris ɗin silikon na kayan lantarki, da mitar gwada wuta.

Matakan yin haɗin

1. A cire fulogin tirela daga mota kafin a taɓa kowace waya.

2. A yanke bututun roba mai gam wanda zai wuce mahaɗin da aƙalla santimita 2 ta kowane gefe, a zura shi a wayar tun yanzu. Bayan an matse ba shi da hanyar shiga.

3. A feƙe milimita 6 zuwa 8 na bakin kowace waya, gwargwadon zurfin mahaɗin. Idan an datse wasu zaruruwa wajen feƙewa, a yanke a sake.

4. A zura wayar har ta tokare, robarta ta shige cikin rigar mahaɗin, kada a ga jan ƙarfe ko kaɗan a waje.

5. A matse a ramin filaya da ya dace da launin mahaɗin, a kan ƙarfen, nesa da bakin robar. Filayar gama-gari tana baje ƙarfen ne kawai, ta kuma huda rigar.

6. A ja wayar da ƙarfi. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin gina ƙananan jiragen ruwa tun 1954, ta tanadi cewa haɗin waya mai lamba 16 ya jure jan da ya kai kusan kilo 7, na lamba 14 kuma kusan kilo 14. Wanda ya zare a hannu, gara da ya zare yanzu.

7. A hura zafi daga tsakiya zuwa bakuna, ana juya wayar, domin iska ta fita. Alamar ya yi ita ce a ga gam ya ɗan tsattsafo ya kewaye bakin. Idan babu na'urar zafi sai laita, a riƙe harshen wutar nesa ana kaɗa shi. Robar da ta ƙone ta yi baƙi za ta tsage.

8. A bar shi ya huce, sannan a jawo bututun da aka zura tun farko ya rufe haɗin, a tsuke shi. Riga biyu ke nan.

Inda wayoyi da yawa ke tafiya tare, kada a jera haɗinsu wuri ɗaya. A tsallake kamar santimita 5 tsakanin kowane biyu, don kada su yi dunƙule su riƙa gogar juna.

Dalma ko matsewa?

Masu gyara da yawa sun fi amincewa da like waya da dalma, kuma gaskiya ne dalma tana ba wuta hanya mai kyau. Matsalarta ita ce takan bi zaruruwan ta sandare su, sai wayar ta karye daidai inda taurin ya ƙare idan girgiza ta yi yawa. Shi ya sa ƙa'idar ABYC mai lamba E-11 ta hana dalma ta zama ita kaɗai ke riƙe haɗi. An rubuta ƙa'idar ce domin jirage, amma tirela ta fi jirgi shan girgiza. Wanda zai yi amfani da dalma, ya fara murɗe wayoyin su riƙe juna, ya zaɓi dalmar kayan lantarki, ya guji sinadarin like mai asid irin na masu aikin famfo, sannan ya rufe da roba mai gam ya ɗaure wayar ta gefe biyu.

Abubuwan da ake gujewa

Murɗe waya da hannu a naɗe da baƙin salatif shi ne haɗin da ya fi yawa, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Zafin rana yana narkar da gam ɗin salatif, ruwa ya shiga ya zauna a ƙarƙashinsa. Haka nan ƙananan maƙalai da ake danna wa a huda robar waya domin a ɗebi wuta: suna buɗe kafa, suna kuma datse zaruruwa. Hular murɗawa ta wayarin gida ma ƙa'idar jirage ta hana ta. Sai kuma gam ɗin silikon mai warin tsami da ake like gilashi da shi. Tsamin nan asid ne, yana cin jan ƙarfe.

Farar waya

Galibin matsalolin fitilun tirela daga at suke tasowa. A tsohon tsari, ana ɗaure farar waya a ƙarfen tirela ta gaba, kowace fitila kuma ta mayar da wutarta ta jikin ƙarfen. Tsatsa da fenti da gaɓoɓin da aka ɗaure da noti duk suna katse wannan hanya. Alamominsa sanannu ne: a taka birki fitilar baya ta mutu, ko a kunna siginar hagu ta dama ta riƙa ƙyaftawa a dusashe, ko fitilu su yi aiki idan tirela na maƙale da mota su ɗauke idan an cire ta.

Maganin shi ne a ja wa kowace fitila farar wayarta har zuwa fulogi. Inda ya zama dole a ɗaure a jikin ƙarfe, a goge wurin da sanfefa har ya yi fari, a sa zoben waya mai rigar gam, a ɗaure da notin da ba ya tsatsa, a rufe da giris.

Shimfiɗa waya da zaɓen fitila

Haɗin da ya fi kowanne aminci shi ne wanda ba a yi ba. A ja waya ɗaya miƙaƙƙiya daga gaba zuwa baya, haɗin da ba makawa kuma a ɗaga shi sama, gaba da inda ruwa ke kaiwa. Duk ramin ƙarfen da waya za ta bi a sa masa zoben roba. A ɗaure ta aƙalla kowane santimita 45, a nisanta ta daga sifirin da ƙafafu. Kusa da kowace fitila a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta haura, domin ruwan da ke bin jikinta ya ɗige a gindin lanƙwasar. A wajen fulogi a bar rarar da za ta isa shan kwana, amma kada ta kai ga jan ƙasa.

Fitilun LED da aka rufe ruf sun fi dacewa, domin ba su da ƙwan gilashi mai zafi da ruwan sanyi zai fasa, kuma wutar da suke ja kaɗan ce. A duba lambar IP a jikinsu. A ƙa'idar IEC 60529, IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma abin ya jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya zarce haka. IP65 feshin ruwa kawai yake jurewa, bai dace da fitilar da za ta nutse ba. Sai dai lambar ta fitilar ce kaɗai. Wayar da ta fito daga cikinta tana buƙatar nata haɗin.

Fulogi shi ne wurin da ba ya toshuwa, tunda kullum ana cirewa ana mayarwa. A riƙa shafa wa bakunansa giris ɗin silikon. Shi wannan giris ba ya ɗaukar wuta. Idan an danna fulogi, ƙarfe kan ture shi ya taɓa ƙarfe, shi kuma ya cike gefe ya kori danshi.

Gwaji da kulawa

Bayan an gama, a haɗa da mota, mutum ɗaya yana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, wani yana kallo a baya. A maimaita gwajin tirela na cire daga ƙugiyar mota, fulogi kaɗai a haɗe, domin a tabbatar farar waya na aikinta. Idan injin na aiki, batir kan nuna kusan bolt 14. Abin da mita ta nuna a bakin fitila kada ya yi ƙasa da na batir da fiye da bolt ɗaya. Idan fiyus na yawan ƙonewa, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma sa fiyus mafi girma gayyatar gobara ce.

A bakin ruwa, a cire fulogi kafin a tura tirela, a kuma tuna mayar da shi kafin a hau hanya. Tirelar da birkinta ke buƙatar shuɗiyar waya kafin ta yi baya, akwai maƙullin hannu da ake sa mata a madadin haka. Bayan ruwan gishiri, a ɗauraye ta da ruwan famfo. Kafin kowace tafiya a zagaya a duba fitilu, sau ɗaya a shekara kuma a bi wayar da hannu daga gaba zuwa baya.

Wanda ba shi da jirgi ma yana da rabo a wannan ilimi. Motar da ke ratsa ruwan damina a titunan Kano ko Kaduna, da babur mai ƙafa uku, da fitilar sola da ke tsakar gida, cuta ɗaya ke kama wayoyinsu, magani ɗaya ne kuma. Famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse shi ma haɗin wayarsa a ƙarƙashin ruwa yake zaune, sai dai wutarsa bolt 230 ce, tana kisa, don haka aikin ƙwararre ne. Idan mai karatu ya kai abin hawansa wajen mai gyaran wuta, tambaya biyu sun ishe shi: da me za a riƙe wayar, da me kuma za a toshe ta? Idan amsar duka biyun salatif ce, to a shirya dawowa kafin damina ta wuce.